In Dashe Ya Yi Yaushi, A Duba Saiwa Kafin A Ƙara Ruwa

 Maganarmu ta yau a kan dashen itace ce, wanda mutum ya fitar da kuɗinsa ya saya, ya kai gida ya dasa, sannan ya zuba ido yana ganin yana mutuwa.

A bazarar bara, cikin watan Afrilu, aiki ya kai ni wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kwaya, cikin gundumar Magarya. Na gama abin da ya kai ni, ina shirin tada babur, sai wani dattijo ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Malam, zo ka duba mini marasa lafiya biyu a bayan gida." Na ɗauka yara ne, har na fara tunanin nisan likita. Da muka zagaya sai na tarar da dashe biyu na magarya mai aure, kowanne bai wuce gwiwa ba, an kewaye su da ƙaya. Ganyen ɗaya ya sunkuya kamar kunnen akuya, gefensa ya ƙone. Na biyun kuwa ya zubar da ganyensa kaf, sai tsinke a tsaye.

Kwana tara ke nan da ya sayo su a kasuwar Magarya. Ya ce kuɗin da ya ba da, da hatsi ya saya da su, da gidan ya ci kwanaki. Uwargida ba ta so ba tun farko. Yanzu kullum in ta fito zubar da toka sai ta tsaya ta dubi dashen, ta dube shi, ta koma ciki ba ta ce komai ba.

Na ce, "Baba, me da me kuka yi musu tun ranar da aka dasa?"

Ya lissafa mini da yatsu. Ya ɗauko su a bayan kabu-kabu da tsakar rana, ba rufi. Da isarsa gida ya dasa su nan take, don kada su kwana a leda. Ya cika ramin da ɗanyen kashin shanu don su ji daɗi. Kashegari da ya ga sun yi yaushi, ya fara ba su ruwa sau uku a yini, bokiti guda kowane lokaci. Rana ta huɗu wani maƙwabci ya ce yunwa ce, sai ya barbaɗa wa kowanne tafi guda na farin takin zamani, wato yuriya, a gindi. Rana ta shida ya tone na biyun don ya ga ko saiwa ta kama, ya mayar. Rana ta takwas ya sake tonewa.

Ban yi masa dariya ba. Ni ma ina sabon malami na kashe dashen lemo da irin wannan ƙauna, kuma na daɗe ina ɗora wa mai sayarwa laifi.

Wace irin magarya ce?

Magarya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sunanta da sunan babban garinmu ɗaya ne a baki. Yara na tsintar ƴaƴanta a daji, mata na daka su su yi akuri, awaki na cin ganyenta, ƙayarta kuwa ita ce shingen talaka. Amma wadda dattijon ya saya daban ce. Malaman gona na kiranta pom di Sahel, masu sayarwa kuma su ce girefe. Asalin irinta daga ƙasar Indiya yake, inda manoma suka daɗe suna zaɓen magarya mai manyan ƴaƴa, suka sa musu sunaye kamar Gola da Umran da Seb. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da Yamai, ta yi ƙoƙarin yaɗa ta a Nijar tun farkon shekarun 2000, ta hannun wani masani mai suna Dov Pasternak. Ɗanta ya ninka na magaryar daji sau da yawa, wani har ya kusa ƙwan zabo, ga tsoka ga ruwa. Tana nuna a lokacin sanyi, kafin mangwaro ya shigo. Tana da bitamin C mai yawa, wanda ke kiyaye dasashi, yana taimaka wa miki ya warke, yana kuma taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini daga abinci. Don jikokinsa dattijon ya saye ta, in ta yi yawa kuma a kai kasuwa.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, itace biyu aka haɗa a jiki ɗaya. Na ƙasa magaryarmu ce ta gida, mai doguwar saiwa da jure fari. Na sama reshen baƙuwar ne. Inda aka haɗa su akwai ɗan kumburi ko tabo, kamar gwiwa, kusa da gindi. Wanda ya shuka ƙwallonta ba zai sami irin uwar ba, sai ta hanyar aure. Ku riƙe maganar wannan gwiwa, za mu dawo kanta.

Me ke sa dashe yaushi?

Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa babbar saiwa ce ke shan ruwa. Ba ita ba ce. Babbar saiwa turke ce, kuma rumbun ajiya. Masu shan ruwa su ne ƙananan saiwoyi na can ƙarshe, masu siraran gashi da ido bai cika gani ba. Ranar da aka yaga leda, ƙasar ciki ta warwatse, su ne ke fara tsinkewa. In kuma dashen ya daɗe a wurin raino har saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa, to tun ranar da mai sayarwa ya fizge shi ya ji rauni, kafin ma ya ga kasuwa.

Shi kuwa ganye bai san an yi ɓarna a ƙasa ba. Yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu kamar zufa. Daga cikin ruwan da itace ke sha, fiye da kashi 90 cikin 100 ta nan yake fita. A watan Afrilu da Mayu zafin yankinmu kan wuce digiri 40, iska kuma busasshiya ce. Dashen da ya saba da inuwa da ban ruwa na kullum a wurin raino, sai ga shi a fili, ganye na zubar da ruwa, saiwa ba ta iya ɗebowa. Kamar gida ne mai baki goma, rijiya cike da ruwa, amma igiyar guga ta tsinke. Ƙara ruwa a rijiyar ba ya kashe ƙishirwar kowa. Igiya ake ɗaurawa, kuma sabuwar saiwa ba ta fitowa a kwana ɗaya, sai mako biyu, uku, wani lokaci fiye.

Ga inda tarkon yake. Saiwa na numfashi kamar yadda muke yi. Tana samun iska daga ƙananan gurabe da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cika waɗannan gurabe dare da rana, iska ta ƙare, saiwa ta shaƙe, ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta shan ruwa, saboda haka ganye ya ƙara yaushi. Wato alamar yawan ruwa da alamar ƙishirwa iri ɗaya ce a ganye. Mai dashe ya ga yaushi ya ƙara ruwa, yaushi ya ƙaru, ya sake ƙarawa, har ya binne kuɗinsa da hannunsa. A jigawa ruwa na wucewa da sauri, haɗarin bai kai haka ba. Amma bayan gidan dattijon ƙasa ce mai tauri da dabbobi suka tattake shekara da shekaru. Ramin da ya gina a cikinta ya zama kamar ƙwarya, abin da aka zuba yana nan zaune.

Takin zamani kuma gishiri ne a wurin saiwa. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda yake jawo ruwansa waje. Haka tafi guda na yuriya ke yi wa saiwa mai rauni. Ɗanyen kashin shanu kuwa zafi yake yi in ya fara ruɓa, sannan yana kiran gara.

Yadda muka duba su

Da farce muka fara. Ana ɗan kankare ɓawo kaɗan, daga sama ana gangarowa. In ƙarƙashin ɓawon kore ne mai danshi, wurin na da rai. In ruwan ƙasa ne busasshe, ya mutu. Kada a yi ta kankara ko'ina, wuri biyu ko uku sun isa, kowane ɗaya miki ne. Reshe mai rai kuma yana lanƙwasuwa, matacce karyewa yake yi ƙaras.

Dashen farko kore ne har kusa da kai. Na biyun busasshe ne daga sama har zuwa gwiwar aure, amma ƙarƙashin gwiwar kore shar.

Dattijon ya ce shi tun da ya ga ganye ya zube ya cire rai. Na nuna masa gawon da ke gonarsa. Mutumin Magarya ko Dungas ba ya buƙatar a gaya masa cewa zubar ganye ba mutuwa ba ce: gawo na tsayawa tsirara duk damina, ya yi kore da rani, ba wanda ya taɓa zuwa masa da gatari don haka. Ita kanta magarya tana zubar da ganye cikin tsananin bazara ta huta. Har ma masu raino na cewa dashen da ya saki ganyensa da kansa ya fi ba da fata bisa wanda ganyensa ya bushe ya maƙale a jiki, domin sakin ganye aiki ne da sai mai rai ke yinsa.

Sannan muka duba ƙasa. Ana tura hannu a gefen rami, tsawon yatsa ko ya ɗan fi, kamar santimita 10, a ɗebo a matse a tafi. In ta warwatse kamar gari, ƙishirwa ce. In ta dunƙule, ka taɓa ta ta farfashe, daidai take, a ƙyale ta. In ruwa ya tsatso tsakanin yatsu, ko ta yi warin kwata, ruwa ya yi yawa. Ta dattijon sai da muka kau da kai don wari.

Abu na uku da muka gani, ya binne dashen farko da zurfi, har ƙasa ta rufe gwiwar aure. Wannan kaɗai ya isa ya ruɓar da gindi. Iyakar da ƙasa ta kai a cikin leda, nan ya kamata ta tsaya a rami, gwiwa kuma ta kasance a sarari.

Abin da muka yi

Mun jira sai bayan la'asar. Ba mu tumɓuke ko ɗaya ba. Da hannu muka yaye ƙasar sama daga gefe, muka kwashe ɗanyen kashin da muka iya kaiwa ba tare da mun motsa saiwa ba, muka buɗe gindi har gwiwa ta fito. Muka sami rodi muka huda gefen ramin wuri huɗu, da zurfi, don ruwa ya sami hanya. Muka cika gurbin da yashin jigawa. Sannan muka ba kowanne ruwa sau ɗaya mai yawa, don ya wanke sauran gishirin takin ya yi ƙasa da shi. Daga nan na ce a ɗaga musu ƙafa.

Nan muka yi gardama. Ya ce, "Malam, cikin wannan rana a bar abu kwana biyu ba ruwa? Ko jaki ba a yi wa haka." Na ce, "Baba, ba ni zan gaya muku ranar ba. Ku sa hannu a ƙasa kowace yamma. Ranar da ta daina dunƙulewa, ku ba shi rabin bokiti, a hankali, a gefe, ba a jikin gindi ba." Rabin bokiti, kamar lita 5, ya ishi dashe mai tsawon gwiwa. A ƙasa mai tauri yakan kai kwana biyu ko uku, a jigawa kuwa sai an ba shi kullum a makon farko. Ruwa kaɗan-kaɗan sau uku a yini saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta saba da zama a sama inda rana ke gasa ta.

Babban maganin da muka ba su inuwa ce. Muka kafa sanda huɗu, muka ɗora guntun zana a sama, da tazarar da iska za ta ratsa, muka jingina wani guntu ta yamma, domin ranar azahar zuwa la'asar ita ce mai ƙuna. Inuwa na rage ruwan da ganye ke zubarwa, ta ba saiwa lokacin ɗaura igiyarta. Muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan ƙasa don danshi ya daɗe, amma muka bar tazarar yatsa huɗu tsakaninta da gindi saboda gara da ruɓa.

Maganar sassabe reshe akwai saɓani a cikinta. Mu a makarantar horon malamai an koya mana a datse rabin rassan dashe don a rage masa nauyi. Masana itace na yanzu sun fi son a bar ganye mai rai, domin shi ke dafa abincin da sabuwar saiwa za ta ci. A ganina, in akwai inuwa, a cire busasshe kawai, da fure ko ƴaƴa in akwai. In kuwa babu halin yin inuwa, a rage kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Na farkon busasshen kansa kawai muka yanke da wuƙa mai kaifi. Na biyun muka bar shi yadda yake.

Da ruwan ramin ya tsane, bayan kwana uku, ya binne wa kowanne ƙaramin tulu kamar yadda muka shirya. Tulun ƙasa, irin wanda maginan Mirya suka yi suna a kansa, yana tsatsar ruwa ta jikinsa. In aka binne shi har wuya, taƙi ɗaya daga gindi, aka cika shi, yakan saki ruwa a hankali gwargwadon bushewar ƙasa. Ba ya shaƙe saiwa, ba ya barin ta da ƙishirwa, kuma yana rage wa mata zuwa rijiya. Amma lallai a rufe bakinsa da murfi ko faifai, in ba haka ba ya zama gidan sauro a bayan ɗakin yara. Wanda ba shi da tulu ya huda gorar roba da ƙusa wuri biyu ko uku a ƙasa, ya binne ta haka nan.

Ruwan wanki mai omo da ruwan wanke-wanke mai gishiri ba na dashe ba ne. In kuma kun ga farin ɓawo ya fito a saman ƙasa bayan ban ruwa, ruwan rijiyar na da kanwa, kamar yadda ake samu a wasu fadamunmu. A nemi wata rijiyar har dashen ya kama.

Sai gara. Maƙwabcin da ya ce a sa taki, shi ya kuma ce a tsiyaya fiya-fiya a gindi. Na roƙi dattijon kada ya yi. Wannan ruwa da ake sayarwa a kwalba ba suna ba ma'auni dafi ne mai ƙarfi, yana shiga ta fata da numfashi, ga jikoki na wasa a wurin, ga kaji na tono, ga rijiya kusa. Toka da dakakken ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, a zagaye gindi da su, suna rage ta, ko da yake ba su kore ta duka. Gara ta fi bin itacen da ya riga ya raunana. In an kwashe ɗanyen taki, aka daina jiƙa gindi, an rage mata abin da ya kira ta.

Bayan mako uku

Cikin watan Mayu na koma. Tun daga nesa ya tare ni da murna, ya ce duka biyun sun tashi. Na farkon ya fitar da toho kamar ƙwayar shinkafa a rassansa, can sama da gwiwa. Wannan ya tsira. Na ce ya fara janye zana kaɗan-kaɗan, yau da safe, gobe har hantsi, cikin mako guda a cire ta duka. Taki kuwa sai damina ta zauna, shi ma ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya daina wari.

Na biyun ya fi na farkon kyan gani. Tsiro huɗu ne suka fito da ƙarfi, kore shar. Amma dukansu daga ƙarƙashin gwiwa suke, ganyensu ƙanana, ƙaya tsitsit. Ya zama dole in gaya masa cewa baƙuwar ta mutu, ta gida ce ta tashi. In ya bar ta haka, ƴaƴan da za ta ba shi su ne waɗanda yara ke tsinta kyauta a daji.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ashe magaryar da ta cika mini gona ita na saya da kuɗi?" Ya aika jikansa ya ɗauko hauya.

Na ce ya dakata, na tuna masa da abin da ya fi ni sani. Bayan farin 1973 da na 1984 an dasa itatuwa ba iyaka a ƙasar nan daga wuraren raino, mafi yawansu ba su kai shekara ba. A jihar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta wannan dashe yana ganin asara, har a 1983 ya lura cewa ƴan kurmin da ake sassabewa a gonaki kowace shekara ba ciyawa ba ce, toho ne na kututturan itatuwa masu saiwa da rai a ƙasa. In aka zaɓi tsiro ɗaya ko biyu aka raina, aka cire sauran, sai su girma da saurin da dashe ba ya yi, domin saiwarsu ta riga ta kai ga danshi. Wannan shi ne sassaben zamani. A yankinmu manoma da kansu suka yi shi da gawo. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo ta wannan hanya a Magarya da Matamai da Mirya sun kai kimanin hekta miliyan 1. Lokacin Dungas na cikin gundumar Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Dattijon kansa na da gawo sama da ashirin a gonarsa, ba ko ɗaya da ya dasa.

Na ce, "Baba, abin da ke da wuya a dashe shi ne saiwa ta kama. Ga ta ta kama. Reshe kuwa ana samunsa." Abin yi shi ne a zaɓi tsiro ɗaya mafi ƙarfi, ko biyu don tsaro, a cire sauran. In ya kai kaurin alƙalami, a samo reshe daga magarya mai aure wadda aka ga ƴaƴanta da ido, a sake ɗaura aure a nan inda take tsaye. Ana yinsa lokacin da itacen ke cikin toho, ɓawonsa na saɓuwa da sauƙi. Aiki ne na hannu da wuƙa mai kaifi, malaman daji da masu raino da yawa sun iya shi, kuma ana koyonsa a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya iya, har magaryar da ke gonarsa yana iya ɗaura wa aure ba tare da ya sayi dashe ba.

Shi ma na farkon da ya tsira bai kuɓuta daga wannan ba. Kowane mako sai a duba ƙarƙashin gwiwarsa. Duk tsiron da ya fito nan a murje shi da yatsa tun yana ɗanye. In aka bar shi, ta gida ta fi ƙarfi, za ta shanye abincin baƙuwar ta kashe ta a hankali, mai ita bai sani ba sai ranar da ƴaƴa suka fito ƙanana. In kuma akwai ledar da aka ɗaure wurin aure da ita, ta fara nutsewa cikin ɓawo, a yanke ta.

Akwai dashen da ba ya tashi. In an kankara har ƙasa ba kore, aka duba saiwa ta yi baƙi, tana wari, fatarta na saluɓewa a hannu, to a haƙura. A kwashe ƙasar ramin a zubar nesa, a bar shi ya sha rana, kafin a sa wani.

Ga mai niyyar saye bana

Kuskuren dattijon na farko lokaci ne. Mai lambu a fadama, da ruwa a kusa, yana iya dasawa da rani. Mai bayan gida ko gonar tudu ya jira damina ta zauna. Ruwan yankinmu wajen milimita 500 zuwa 600 ne a shekara, kuma cikin ƴan watanni yake sauka, saboda haka kowane mako na da daraja. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itace a Nijar, amma ba sai an jira ta ba. In ƙasa ta jiƙu sosai cikin Yuli, wanda ya dasa ya ba saiwarsa ƙarin makonni kafin ruwa ya ɗauke.

A kasuwa ku ɗaga ledar ku dubi gindinta. In kun ga katon saiwa a tsinke a waje, ku ajiye. Ku dubi gwiwar aure, ta warke ko da sauran miki. Kada tsawo ya ruɗe ku, gajere mai kauri ya fi dogo siriri. Ku sa shi a kwali, ku rufe da jiƙaƙƙen buhu, domin iskar babur na busar da ganye fiye da rana. A gida ku ajiye shi a inuwa kwana huɗu ko biyar cikin ledarsa, kuna ɗan fito da shi rana da safe. Rami kuwa a gina shi tun kafin nan, faɗi da zurfi kamar santimita 50, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ranar dashe a bari sai yamma. A yanke gindin leda da wuƙa, kaurin yatsa ɗaya, don a cire saiwar da ta nannaɗe, a tsaga gefe, a zare ledar a hankali kada dunƙulen ƙasa ya fashe. A danna ƙasa da hannu, a ba da ruwa, a kafa ƙaya tun a daren, akuya ba ta jiran gobe.

Dashen farko na dattijon ya yi fure da kaka. Na ce ya cire furen shekarar farko don itacen ya yi ƙarfi, ya ce to, ya cire rabi. Cikin sanyi ya sami ƴaƴa goma sha ɗaya, huɗu daga ciki tsutsar ƙuda ta shiga, na ce ya tsince waɗanda suka faɗi ya binne su da zurfi don kada ƙudan ya yaɗu. Na biyun an ɗaura masa aure cikin damina, ya kama, sai wata akuya ta sami kafa a shinge ta cinye kan. Saiwar na nan, ta sake toho, za a sake ɗaurawa bana da reshe daga ɗan uwansa. Tulunan biyu kuwa uwargida ce yanzu ke cika su, ta ce shi yana mantawa da murfi.